Ranar da Dankalin Kawu Na-Sani Ya Narke a Tukunya

To jama'a ku gyara zama, don wannan abin sati uku ke nan da faruwarsa amma har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai a bakin inji, har mai kula da layinmu ya fara yi min kallon wanda ke buƙatar hutu.

A gidan hayar da nake akwai wani bawan Allah, Kawu Na-Sani. Ba kawun kowa ba ne a cikinmu, girma kawai muke ba shi. Na-Sanin kuma shi ya jawo wa kansa da bakinsa, don ba a taɓa kai ƙarshen magana a gabansa ba. Ka ce masa wai an ce gobe kaza, kafin ka faɗi kazan ya ɗaga hannu ya ce ya sani. Ko likita haka ya yi wa ranar da ya je karɓar sakamakon gwajin jini, ya dawo gida da takarda a hannu bai san me ke damunsa ba, sai da matarsa ta koma asibitin ta tambayo. Aikinsa buɗe get ne a kamfanin buhuna inda ni ma nake aiki, amma in baƙo ya tambaye shi sai ya ce shi ne shugaban sashen shige da fice. Sashen nan kuwa daga shi sai wata kujerar roba mai ƙafa uku da rabi.

Matarsa, da muke ce wa Anti, ita ce mai hankalin gidan. Shekara tara tana sayar da abinci a gefen titi jikin katangar kamfanin, ƙarƙashin wata lema da ta fi rariya huji. Rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, babbar mota ta wuce ta yi ta rige-rigen rufe tukwane. Abu ɗaya take so a duniyar nan, kantin abincin da ke cikin kamfani, mai rufi da fanka da famfo da bencina. Sai ga shi tsohon da ke riƙe da kantin ya ce ya gaji, Manaja kuma ya sanar cewa nan da wata huɗu za a yi gwaji. Duk mai so zai ciyar da ma'aikata rana guda, wanda aka yaba shi za a miƙa wa makulli. Abinci kala biyu ya faɗa, soyayyen dankalin turawa da ƙwai, sai kuma dankalin da aka dafa cikin miyar nama.

Da Anti kaɗai aka bari da wannan, da tuni an gama. Amma Kawu ne ke buɗe get.

Washegari da motar Manaja ta iso, sai ya buɗe get ɗin rabi, ya leƙa ta taga ya ce yallaɓai, iyalinsa za ta shiga gwajin nan, kuma ita ba ta taɓa dankalin kasuwa, na gonarsa take dafawa, a tono da safe a ci da rana. Manaja mutum ne mai son abin da zai gyara jiki, shayinsa ma babu sukari. Nan take ya sa aka rubuta maganar a allon sanarwa, ya kuma ce a riƙa turo masa hoton gonar duk wata.

Kawu fa ɗaki biyu gare shi a saman bene, da baranda mai faɗin tabarma ɗaya.

Da Anti ta ga allon, sai ta bari suka dawo gida sannan ta tare shi.

"Malam, wace gonar?"

"Wadda zan yi."

"A ina?"

Ya nuna barandar da take shanya. Ta kalli barandar, ta kalle shi, ta ce ita dai ba ta iya ƙarya ba, kuma an riga an rubuta sunanta kusa da maganar, saboda haka ko a kan gado zai shuka shi, dole dankalin nan ya fito.

Suka tafi kasuwa wurin wata tsohuwa mai sayar da iri. Tsohuwar nan ita kaɗai ce na taɓa jin ta ci Kawu da yaƙi, don da ya ce ya sani, sai ta riƙe ledar irin ta ƙi saki har sai da ta gama bayaninta. Ta ce dankali iri-iri ne, ba duka ake yi wa aiki ɗaya ba. Wannan da ta ɗaure da jan zare mai gari ne, in ya ji mai sai bayansa ya yi ƙaras-ƙaras cikinsa ya yi laushi, amma in ka jefa shi a miya zai watse ka neme shi ka rasa. Wancan mai shuɗin zaren kuma mai danƙo ne, ka dafa shi yadda ka ga dama yana nan da siffarsa, amma in ka soya shi sai ya sha mai ya langaɓe. Ta ce a ido kamar tagwaye suke, fata ɗaya girma ɗaya, don haka kowa da buhunsa, kuma kada zaren nan ya ɓata.

Suna isowa gida Anti ta shiga kicin. Kafin ta fito, jan zaren ya tafi ɗaurin eriyar rediyo, shuɗin yana aljihu zai je ya ɗaure ƙafar kujerar aiki, irin kuma duk an juye shi a baho ɗaya. Da ta riƙe baki, Kawu ya ce ta kwantar da hankalinta, mutumin da ya san fuskar ma'aikata ɗari uku har da masu shigowa a makare suna rufe fuska da hula, dankali kala biyu ne zai gagare shi?

Aka fara noma. Ya kwaso buhunan da kamfani ya ƙi saboda karkataccen ɗinki, guda arba'in da shida, ya yi ta hawa da ƙasa a bokiti har sai da matakalar bene ta koma hanyar gona. Baranda ta cika. Ya jera saura a kan matakala, kowane mataki buhu ɗaya, ya zamana in za ka hau sai ka bi gefe kamar ƙaguwa. Bahon wankan Anti ma ya huda shi da ƙusa ya shuka uku a ciki, wai su ne manyan baƙi.

Tela ne a ƙasan barandar, a nan yake fito da kekensa yana ɗinki. Kwana na uku sai ga jan ruwa yana ɗiga a kan farin yadin wani mutum da zai ɗaura aure. Tela ya ɗaga kai ya kira.

"Kawu, gonarka tana fitsari a kan kayan mutane."

"Wannan ruwan akwai sinadari a ciki, yadin zai fi ƙarko."

"To sauko ka yi wa angon bayani, don ni fari ya kawo min."

Kawu ya ce yana aiki. Tun daga ranar Tela da lema yake ɗinki, hannu ɗaya a keke hannu ɗaya a sama, kuma duk wandon da ya fito daga wurinsa a watan nan ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Sai kuma ya ga wani bidiyo a waya na yadda ake shuka dankali a cikin tsofaffin tayoyi. Rabi ya kalla, ya ce wa wayar ya sani, ya kashe. A bidiyon taya uku aka ɗora. Kawu ya ce mutumin ba shi da buri ne, shi tara zai ɗora. Ya gina abin a tsakar gida, ya cika da ƙasa, ya aro tsani don ba shi ruwa, ya riƙa kiransa hasumiya. Kowa ya ga tana karkata. Mai Aski da shagonsa ke kallon ƙofar gidanmu ya faɗa masa, ya ce ai rana take bi, haka tsirrai suke.

Ranar wata Asabar yana kan tsani da bokiti, hasumiya ta gama bin rana. Tayoyi suka watse kowace ta kama gabanta. Biyu suka tsaya a tsakar gida suna juyi, sauran suka fice ta ƙofa a jere kamar an tashi makaranta. Ɗaya ta shige shagon Mai Aski daidai lokacin da yake gyara wa wani ƙeya, injin ya zame ya buɗe titi tun daga ƙeya har goshi. Mutumin ya kalli madubi ya daɗe, sannan ya ce a kwashe duka kawai. Ɗaya kuma ba a gan ta ba sai bayan kwana biyu, a tashar mota, tsiron dankalin na ciki lafiya lau, wani mai shayi har ya fara ba shi ruwa kuma ya ƙi mayarwa. Kawu kuwa yana rungume da tsani a jikin bango, bokiti a kansa, yana cewa daman yana da niyyar rage tsawonta.

Ba ku ji komai ba. Duk Juma'a sai ya tono 'ya'yan ya auna su da tef ɗin Tela ya mayar ya binne. Yana kunna musu labaran rediyo da safe wai don su saba da muryar mutane kada su firgita a kanti. Hoton da yake tura wa Manaja kuwa, kwanciya yake yi a ƙasa ya ɗauka daga can, ganyen ya fito kamar daji, har Manaja ya tambaye shi ko akwai macizai a gonar. Ya ce akwai, amma sun san shi.

Wata rana ya tara mu duka a ƙofar baranda, wai ya yi abin da ba a taɓa yi ba. Dankalin ya yi fure, furen ya zube, sai ga wasu 'yan ƙananan 'ya'ya kore shar a sama kamar ɗanyen tumatir. Kawu ya ce ga shi nan, ƙasa dankali sama tumatir, miyar ma a jikin shuka ɗaya za ta fito. Ya tsinko ɗaya ya goge a riga zai kai baki, sai Malama, mai koyar da kimiyya da ke ɗakin kusa da nasu, ta doke hannunsa abin ya faɗa kan lemar Tela. Ta ce wannan ɗan itacen dankali ne, guba ne, ko akuya ba a ba wa. Kawu ya gyara hula ya ce ya sani, gwada mu yake yi ya ga ko akwai mai ilimi a gidan.

Abin da ya ba kowa mamaki shi ne, duk da wannan azabar, dankalin ya yi. Ganye ya bushe, buhuna suka kumbura. Saura kwana uku gwaji Anti ta ce ya tono mata ko guda huɗu ta dafa ta gani. Ya ƙi. Ya ce allo ya ce a tono da safe a ci da rana, shi kuma ba ya saɓa wa allo. Ya sa kwaɗo a ƙofar baranda, na matakala kuma ya zauna yana gadinsu, daman gadi ne sana'ar.

Ga shi kuma wani mai abinci ya riga ya yi nasa gwajin, kuma gaskiya ba laifi, mun ci mun ƙoshi. Saura Anti kawai.

Ranar gwaji tun da sassafe ta wuce kanti da nama da tumatir don ta ɗora miya, ta ce ya biyo ta da dankalin a rabe kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Kawu ya zazzage buhuna a tsakar gida, tuli guda, masha Allah. Ya tsuguna zai duba fuska. Ya ɗauki wannan ya juya, ya ɗauki wancan ya juya. Ya shinshina. Ya ƙwanƙwasa ɗaya ya kara a kunne. Ya jera biyar ya ja da baya ya kalle su kamar masu neman shiga get babu kati. Duk ɗaya suke. Zufa ta fara keto masa, Tela da Mai Aski suna tsaye a kansa, Tela ya tambaya a hankali ko a kawo musu hula su rufe fuska, wataƙila ya fi gane su a haka.

Sai ga Malama tana saukowa da gudu ta makara makaranta. Ta ga halin da ake ciki, ta tsaya da jaka a kafaɗa ta ce abu ne mai sauƙi, ya narkar da gishiri da yawa a bokitin ruwa ya riƙa jefa su, wasu za su nutse wasu za su taso, a nan zai raba su.

"Wanda ya nutse ɗin shi ne…"

"Na sani."

"A'a Kawu, tsaya ka ji, wanda ya nutse…"

"Malama, ɗalibanki na jira. Na sani."

Ta duba agogo, ta duba shi, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta fita.

Kuma abin ya yi aiki. Ya juye gishirin Anti kaf a bokiti, ya jefa, wasu suka nutse tsulum, wasu suka taso suna yawo. Kawu ya miƙe kamar wanda ya ƙirƙiro gishirin. Ya yi wa Tela da Mai Aski lacca, ya ce ku duba da hankali, wanda ya nutse jarumi ne, ba ya tsoron ruwa, da kansa ya nemi ƙasan bokiti, to wannan ai ɗan miya ne. Wanda ya taso kuma gudun ruwa yake, jininsa bai haɗu da ruwa ba, mai yake so, wannan na suya ne. Wallahi yadda ya tsara maganar har Mai Aski sai da ya gyaɗa kai. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, gishiri na cin ƙujewar hannunsa yana yarfewa, bai tsallake ko guda ba. Ya zuba su a buhu biyu iri ɗaya, ya yi musu wata alama a ciki da ya ce shi kaɗai zai gane, saboda 'yan leƙen asiri. Ya ɗora a baro ya turo har kanti.

Anti ta tambaye shi sau biyu ko ya tabbata. Kun san amsar. Ta ɗebi rabin wannan ta fere ta zuba a miya, ta ɗebi rabin wancan ta yayyanka don suya, masu shara suka ja ragowar buhunan zuwa sito.

Ƙarfe ɗaya aka buga ƙararrawa, muka shigo mu wajen arba'in na layin safe, kowa da yunwarsa. Hutunmu awa ɗaya ne cif. Manaja na zaune a teburin gaba da littafinsa, makullin kanti a ajiye gefen biro inda kowa ke ganinsa. Kusa da shi Shugaban ma'aikata, mutumin da bai taɓa yabon komai ba tun da aka zaɓe shi. Ina ganin fuskar Anti ta tagar kicin na san da matsala, tana ta ƙara wuta tana juya abin suya tana leƙa tukunya.

Kawu bai ga wannan ba. Ya bar get a kulle, ya sako babbar rigarsa, ya tsaya a tsakiya ya fara jawabi kan tarihin gonarsa. A waje wata babbar mota da ta kawo zare tana ta danna hon, ya ce a rabu da ita, sashensa ya san da zuwanta. Minti goma yana magana miya na tafasa.

Aka kawo tukunya aka buɗe. Babu dankali. Ba wai ya yi laushi ba, babu shi kwata-kwata. Miyar ta koma wani abu mai kauri kamar kwaɓin siminti, yankan nama na tsaye a ciki ɗai-ɗai kamar fasinjojin da mota ta tafi ta bari. Anti ta saki ludayi, ludayin ya tsaya a tsaye da kansa. Shugaban ma'aikata ya leƙa ya tambaya ina dankalin. Kawu ya ce yana ciki, ya haɗe da miyar ne, sabuwar fasaha ce don masu ciwon haƙori.

Sai soyayyen. Shugaban ma'aikata ya ɗaga guda ɗaya, abin ya sunkuyar da kai ƙasa kamar mai gaida surukai, mai na ɗiga. Ya naɗe shi a yatsa. Ya warware ya ƙulla shi, ya ƙullu. Wani a bayana ya ce a ba shi biyu igiyar takalminsa ta tsinke.

Kawu ya ce ba a gane suya da ido, da kunne ake ganewa. Ya roƙi kowa ya yi shiru a ji ƙarar. Muka yi tsit, har fanka Manaja ya sa aka kashe. Kawu ya zaɓi mafi tsawo, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya gatsa. Ba abin da ya fito sai mai, tsit a gaban babbar riga. Daga waje motar zare ta danna hon mai tsawo.

Kantin nan ya kece da dariya har wani ya faɗo daga benci. Kawu ya ce laifin man ne. Ya ce wutar kantin ba ta da ƙarfi. Ya ce tukunyar baƙuwa ce, ya ce fankar da aka kashe ce ta canza iska. Da duk suka ƙare, sai ya ce to shi dai ya yi nasa, wataƙila hannun mai girkin ne yau bai zauna ba.

Nan dariyar ta tsaya. Duk wanda ke wurin ya ci abincin Anti shekara da shekaru. Manaja ya rufe littafinsa a hankali, ya ce Hajiya ki yi haƙuri, ya miƙa hannu ya ɗauki makullin zai sa a aljihu.

Anti ba ta kalli mijinta ba. Ta lakaci miyar ta murza a yatsa, gari ne zalla. Ta ɗauki soyayyen ta gutsura, cikinsa na nan daram bai fashe ba. Daga baya ta gaya mana abin da ya faɗo mata a lokacin. Ta ce da a gauraye suke, da an samu ko guda biyar da suka tsira a miya, da an samu ko guda biyar da suka yi ƙaras a mai. To ba ko ɗaya. Ke nan rabon ya rabu tsaf, juye shi kawai aka yi.

Ta ce wa Manaja yallaɓai saura minti talatin da biyar a buga ƙararrawa, ya bar makullin a kan tebur zuwa lokacin. Ta sa aka jawo buhunan nan biyu daga sito aka ajiye a tsakiya. Sannan ta juya da ladabinta, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, taimaka min. Wanne ne na suya?"

Kawu ya ji an dawo hannunsa. Ya leƙa cikin buhunan ya duba alamarsa, ya dafa na dama.

"Wannan. Ko gaban alƙali."

"Ka tabbata?"

"Na sani."

Ta ce ta gode. Ta ɗauki na hagu ta nufi kaskon suya.

Daƙiƙa biyu aka yi kafin mutane su gane, sannan wata dariyar ta tashi wadda ta fi ta farko. Matan layin ɗinki suka miƙe ba wanda ya roƙe su, wannan da wuƙa wannan da cokali, aka hau fira. Allah ya sa Anti ta raba miyarta biyu tun farko, rabi na gefe ba dankali. Ta yanka na daman ƙanana ta zuba a ciki, na hagun ya shiga mai. Kawu na biye da ita yana cewa ta yi kuskure fa, kowa shaida ne ya faɗa mata, in abu ya lalace babu ruwansa. Ita dai suyarta take yi.

Saura minti shida aka ajiye faranti gaban Shugaban ma'aikata. Ya ɗaga guda ɗaya, ya tsaya a miƙe. Ba wanda ya roƙi a yi shiru, da kanmu muka yi. Ya gatsa, ƙaras, har bencin baya aka ji. Ya sa cokali a miya, ga dankali nan yanka-yanka kowanne da kusurwarsa, ya sha romo amma bai watse ba. Ya ci, ya ƙara, ya ce to, ba laifi. Masu shekaru a kamfanin sun ce wannan ne yabo mafi girma da ya taɓa fita daga bakinsa.

Manaja ya ƙara mana minti goma sha biyar, ya tura makullin gaban Anti da yatsa ɗaya. Ya tambaye ta yadda aka yi ta gano. Ta ɗaure makullin a bakin gyalenta, ta ce shekara goma sha tara tana musu da mutumin nan a banza, ashe tambayarsa kawai ya kamata ta riƙa yi.

Kawu ya ɗauka yabo ne, har ya ɗan rusuna. Sai a lokacin ya tuna da get, ya fita da gudu da tabon mai a ƙirji, ya tarar da motoci bakwai a layi.

Da yamma Malama ta ƙarasa maganar da aka hana ta. Ta ce mai garin ya fi nauyi, shi ke nutsewa, shi ne na suya, mai danƙon ke tasowa. Ta ce dankali ya fi ɗari huɗu amma Kawu bai dace ko a guda ɗaya ba, kuma ko wanda ya rufe ido yana canka ba zai iya haka ba. Kawu ya juyo ya ce mun ji ko, malamar kimiyya da bakinta ta ce ba mai iya abin da ya yi.

Yanzu Anti na cikin inuwa, fanka na kanta, lemar nan ta ba Tela kyauta. Kawu ya sake shuka, wannan karon Anti ce ke riƙe da zaren. Kuma darajarsa ta ƙaru a gidan ba kaɗan ba, kowa shawararsa yake nema, shi kuma sai ƙara faɗin kafaɗa yake. Jiya ma da rana mata sun cika igiya da shanya, sama ta ɗan yi duhu, Tela ya ɗaga kai ya tambaye shi ko yana ganin za a yi ruwa. Kawu ya kalli sama ta gefen ido ya ce ko ɗigo, ya sani.

Kafin ya rufe baki babu ko ɗankwali a kan igiya.